Jar Gyaɗar Kaka

Tun ranar da muka dawo daga dogon hutu ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wannan ta kama hannuna ta juya, ta ce, “Rakiya, me ya sami tafinki haka?” Waccan ta ce na yi baƙi kamar gindin tukunya. Murja kuwa har cewa ta yi wai aikatau aka kai ni. Na gaji da ba da labari gutsi-gutsi a layin abinci, don haka ga shi nan gaba ɗayansa, tun daga tasha. Wadda ta sake tambayata bayan wannan, sai dai ta je Kafin Dafga da ƙafarta ta gani.

Ba da son raina na tafi ba. Saƙo aka kawo wa Babanmu cewa mahaifiyarsa, wadda muke kira Kaka, tana kwance da kurkunu a ƙafa, ko ruwa ba mai ɗebo mata sai an ga dama. Ni ce babba a mata, don haka ni aka ɗora wa. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na ce ina da karatun jarrabawa. Baba ya ce in tafi da littattafan, a can ma ana iya buɗe su. Ya ba ni wani farin ƙyalle, ya ce kada in kuskura in sha ruwan garin sai na tace.

Motar haya ta kiya-kiya na shiga daga Kano, ta hanyar Gwarzo. An matse ni tsakanin wata mata mai kwandon kaji da wani tsoho da ya fara barci a kafaɗata tun ba mu fita gari ba. Matar ta tambaye ni inda za ni, na ce Kafin Dafga. Ta dubi farin takalmina, ta dubi fuskata, ta ce, “Da wannan?” Nan fa duk motar ta sa baki. Wani ya ce in cire in rataya a wuya, wata ta ce a ƙyale ni, ai taɓon ƙauye ma yana son ganin kayan birni. Taya ta fashe mana a hanya, muka sauka muka zauna gindin wata ɗorawa. Matar nan ta miƙo mini dafaffiyar masara, na karɓa na ci ina cika ina batsewa.

A Karaye na iske Baffa Ilu, ƙanin Babanmu, yana jirana da kekensa. Mutum ne da magana ke yi wa nauyi. Ya ɗaure akwatina a gaba, ya ce in hau baya. Da muka gangaro wani kwari sai ya ce, “Ki riƙe.” Kafin in tambayi abin da zan riƙe, na ji ni zaune cikin ruwa. Takalmi ɗaya ya bi ruwan, har yau ba a gan shi ba. Haka na shiga garin kakannina, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, jama’a na yi mini sannu suna danne dariya.

Kaka na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ƙafa a miƙe, an naɗe kan kurkunun a jikin tsinke, kullum ana jan sa kaɗan-kaɗan. Ta ƙare mini kallo sama da ƙasa, ta ce, “To, ni da ke wa aka aiko ya yi jinyar wani?”

Na ce, “Kaka, sannu da jiki.”

Ta ce, “Jiki da sauƙi, ’yar birni. Durƙusa mana, ko gwiwar ma ta bi ruwa?”

A nan na fara koyon gaisuwa. Mu a Kano daga ina kwana sai lafiya lau, kowa ya kama gabansa. A can sai an tambayi gajiya, an tambayi ruwa, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har akuyar da ta haihu ba a bari, kuma duk a durƙushe. Gwiwata ta riga tafina yin kanta.

A ɗakin Kaka nake kwana, kan gadon kara mai kai ƙarata duk sanda na juya. Da safe ɗumamen tuwon dawa, da rana kwaɗon rama ko tafasa, da yamma tuwo miyar kuka, gobe ma haka. Na yi kewar shinkafa ba kaɗan ba. Amma ragowar ƙuli-ƙulin bara da nake daka mana a kwaɗo, ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Ruwa kuwa daga kududdufi ake ɗebowa. Duk sanda na shimfiɗa ƙyallena a bakin randa sai matan gidan su taru, wai a zo a ga ’yar birni tana tankaɗen ruwa. Kaka ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ta ce in riƙa tace nata ma.

Ban daɗe ba na gane ba ƙafar ce ta fi damun ta ba. Wata safiya ta sa na jawo wani tulu daga ƙarƙashin gado, ta ce in leƙa. Na leƙa, babu komai. Ta ce a ciki take ajiye irin gyaɗarta, wata ’yar ƙaramar jar gyaɗa mai yawan mai, wadda ta zo da ita daga gidan uwarta a ƙasar Rogo. Shekarar da ciwo ya cinye gyaɗar mutane, tata ta tsira. Daga baya kowa ya koma irin da malaman gona suka kawo, ita ta ƙi, har ya zamana babu mai wannan iri a duk yankin sai ita. Bara ba ta samu da yawa ba, don haka bana ta juye tulun kaf ta shuka a gayaunarta, wato ’yar gonar da take nomawa da hannunta. Tana gama shuka kurkunu ya kwantar da ita.

“Abin da ke cikin ƙasar nan shi ke nan,” in ji ta. “In ya lalace, irin uwata ya ƙare a hannuna.”

Na ce, “Baffa fa?”

Ta ce Baffa yana da gandu, babbar gonar gida, ga bakuna rututu suna jiransa. Ya yi mata noman farko, ya ce sauran sai abin da hali ya yi. Daga nan ta nuna mini fartanya da baki. Ni da aka aiko ɗiban ruwa, washegari sai ga ni a gona.

Gayaunar tana ƙarshen gonakin gari, bakin burtali, hanyar da shanu ke bi. Bayan burtalin akwai rafi, tsallaken rafin kuma ƙasar Rogo ce. Baffa da ya raka ni ranar farko ya nuna mini tsallaken da sanda. Ya ce akwai ruga a can, bara shanunsu suka shiga dawarsa, aka yi rigima har gaban mai gari. Tun daga nan matan garin suka daina sayen nononsu, ko gaisuwa ba a yi. Ya ce, “Kika ga ɗayansu kusa da gonar nan, ki yi ihu.”

Na kuwa yi ihun. Ina duƙe wata hantsi, bayana kamar zai karye, na ɗago na ga maraƙi ya sa baki a kunyar farko. Na jefe shi da hoge, na kwarma ihu. Sai ga wata siririyar yarinya sa’ata ta fito daga burtali, sanda a kafaɗa, ko sauri ba ta yi. Ta yi wa maraƙin wata ’yar magana, ya juya ya bi ta. Na zazzage mata duk abin da ya zo bakina. Ta tsaya har na gama, sannan ta ce, “Ke ce baƙuwar da ta faɗo daga keke?” Ashe labarin har ya tsallake rafi. Takaici ya sa na juya zan ɗauki ɗankwalina da na shanya a kan wani reshe, sai na ga rabinsa a bakin wani maraƙin. Na ja, ya ja. Yarinyar ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, ni ma ban san sanda tawa ta kuɓuce ba. Sunanta Daso.

Washegari ta dawo da ɗan man shanu a ganye, ta ce in shafa a tafina da ya yi bororo. Ta tsaya tana kallon nomana, ta ce wai ina riƙe fartanya kamar mai riƙe ludayi. Na ce to ta karɓa ta nuna mini. Sara ɗaya ta yi, saura ƙiris ta cire babban yatsan ƙafarta. Ashe ita ma ba ta taɓa noma ba, a gidansu ko kuɓewa ba a shukawa. Daga ranar muka zama mu biyu a gonar, ba wadda ta san abin da take yi. Takan ɗaure maruƙanta a burtali, in na gaji ta karɓa, in ta gaji na karɓa.

Daso tana da baki. Na ba ta labarin makarantar kwana, ta ce wato an tara mu a shinge ɗaya, ana kaɗa mana ƙararrawa mu fito mu ci mu koma, ina bambancinmu da maruƙanta? Na ce su fa, da ke wanka da man shanu? Ta ce shi ya sa ba su yin fari fat kamar ƙafata. Na yi mata kitson da ake yayi a Kano, uwarta ta sa ta kwance a ranar, wai ya mai da ta kamar zakara. A wajen Daso na ji cewa tun da garin ya daina sayen nononsu, sai uwarta ta taka har kasuwar Rogo da ƙore, ita kuma Daso ba ta iya taya ta ɗauka saboda maruƙa. Na ce ta bar mini su mana, ai ina nan. Haka kuwa aka yi. Duk ranar kasuwa ni ce mai tsaron maruƙa, har na san mai gardama da mai ragwanci a cikinsu. Ban gaya wa Baffa ba. Kaka kuwa da na gaya mata, sai ta ce, “Ni ban ji ba. Miƙo mini ruwa.”

Ɓarnar da muka kusa yi kuwa, har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Bayan gyaɗar ta yi fure, muka ga wasu siraran tsinkaye suna saukowa daga jikinta suna shiga ƙasa. Daso ta ce wata muguwar ciyawa ce ta kama ta. Ni kuma na ce haka ne, don ina jiran in ga gyaɗa ta fito a sama kamar wake. Muka zauna muna tsinke su da farce, muna yaba kanmu. Mun gama kunya biyu, sai na ce bari in kai wa Kaka ta ga ƙoƙarinmu. Na zube mata su a faifai. Ta duba, ta yi salati, ta sake dubawa.

“Ke da wa kuka yi wannan aika-aika?”

“Ni da Daso.”

“Madalla. Ɗaya ta san littafi, ɗaya ta san saniya, kun haɗu za ku kashe ni. ’Ya’yan gyaɗar ke nan kuke tsinkewa!”

Ta ce daga yau a ajiye fartanya, ciyawa da hannu za a cire, kuma duk abin da ba mu gane ba a kawo mata kafin a taɓa. Haka muka yi ta yi, ni ce ’yar aike tsakanin gona da tabarma. Gyaɗa ta rufe ƙasa, ta yi kore shar, har masu wucewa suna tsayawa su ce Allah ya sa albarka.

Da damina ta fara ja da baya, Kaka ta riƙa sa ni tugo mata gindi ɗaya tana fasawa. Ran nan ta fasa, ta ga cikin ɓawon ya yi duhu, sai ta ce, “Ta nuna.” Na yi tsalle, amma ita ba ta yi murna ba. Ta ce wannan gyaɗa ba ta jira. In ta nuna aka bar ta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ta tsiro a inda take, ba iri ba abin ci. Aka kira Baffa. Ya tsuguna, ya ce girbin gero ya kama, duk wani mai hannu yana gandu, ta yi haƙuri a shigar da gero tukuna. Kaka ta ce, “Kafin nan ta tsiro, Ilu.” Ya ce, “Iya, gero ne abincin gidan nan.” Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Ta juya fuskarta bango. Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya cika ni.

Ni da Daso kaɗai ba za mu iya tuge gonar nan mu kwashe kafin ruwa ba. Sai na tuna da gayya, yadda ake kai wa mutane goro a kira su aiki, su zo su yi maka a yini ɗaya, kai kuma ka ciyar da su. Na ce zan kira gayyar ’yan mata. Kaka ta kwance bakin zanenta ta ba ni goro. Na shiga gida-gida. Wannan ta ce ita ke kai abinci gandu, waccan ta ce kanta ke ciwo. Lami, ’yar maƙwabtanmu, ita ce ta fasa mini ƙwan. Ta ce, “Rakiya, gayya fa ramuwa ce. Tun da kika zo garin nan, wa kika taɓa taya ko tsinkar rama? Ki je ki kira ƙawarki ta ruga mana.” Sauran suka bushe da dariya. Na fito da gorona a hannu, idona ya cika da ƙwalla, don na san ba ƙarya ta yi ba.

Da na gaya wa Daso, sai ta ce, “To ai ta ba ki shawara. Taho.”

Kaka ta yarda in je, har in kwana, don mu yi sammako tare. Rafin ya kawo mini iya cinya. Daso ta ɗora zanena a kanta, ta riƙe hannuna, tana cewa in daina kallon ruwan in kalli tsallake. Muna fita ta ce, “Kin shigo ƙasar Rogo, ki gyara tafiya.” Ni dai ban ga abin da ya canza ba sai ƙudan shanu.

Rugar bukkoki ce ’yan kaɗan, tsakar gida a share tas, ƙore a jere kan gado, fari ƙal, sun fi kwanukan ɗakin wata amaryar kyau. Ba wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo madara da ɗuminta, wadda ban taɓa sha ba sai ta gwangwani. Aka kawo fura da kindirmo, aka ajiye, kowa ya kau da kai wai kada in ji kunyar ci. Mu a gidanmu baƙo ba ya cin loma biyu ba a ce masa ƙara ba. Na kuma lura uwar Daso ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce “ke,” don ita ce ’yar fari. Na ce wa Daso a gidanmu ni ma ’yar fari ce a mata, amma sunana ya fi na kowa shan kira. Ta ce ai da gani.

Bayan la’asar na durƙusa gaban uwarta, na ajiye goron, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ta saurara, ba ta taɓa goron ba. Ta ce, “’Yata, mu ba mu san noma ba.” Mahaifin Daso yana daga gefe yana tufka igiya, ya ce ba wannan ba ma. In aka ga yaran ruga cike da gonar mutanen garin nan, cewa za a yi satar harawa suka zo, a sake komawa gaban mai gari. Na fara tunanin yadda zan koma in dubi Kaka.

Sai Daso, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya gaban iyayenta ba, ta yi magana kanta a ƙasa. Ta ce, “Inna, duk daminar nan wa ya tsare maruƙa ranar kasuwa? Ba don ita ba da ke kaɗai za ki riƙa ɗaukar ƙoren nan har Rogo. Mutanen garinsu sun ce ba ta taya kowa aiki ba. Mu ta taya mu.”

Uwar ta dubi mijinta, shi kuma ya ci gaba da tufkarsa, can ya ce, “Kada dabba ko ɗaya ta bi ku.” Sai uwar ta miƙa hannu ta ɗauki goro ɗaya, ta fasa, ta jefa ɓari a baki. Sauran ta ba Daso ta ce ta zaga bukkoki.

Gari na wayewa muka tsallake rafi, ni da Daso da ’yan matan ruga kusan goma, ƙore a kai. Ƙasa da laushi, don haka da hannu muke tugewa. Ba a jima ba na waiga na ga abin mamaki. Duk gindin da suka tuge sai su kakkaɓe ganyen a hankali, su jera shi yana kallon sama, ’ya’yan gyaɗar kuwa a kife cikin danshi. Su a wajensu harawar ce dukiya, ita suke lallaɓawa. Na ce, “Ku juya! ’Ya’yan ne za su kalli rana!” Wata ta ce, “Ganyen fa? Ai zai ɓaci.” Daso ta ce yau dai a yi haƙuri, ba don saniya aka zo ba. Aka juya ana dariya, suka ɗauki waƙa da yarensu, aiki ya kankama.

Da hantsi sai ga su Lami za su kai abinci gandu. Suka tsaya bakin gona, baki a sake. Daso ta ɗago ta ce, “Sannunku. Ku matsa kaɗan, kuna tare wa gyaɗa rana.” Lami ta ce, “Dubi yadda suke tuga, rabi na tsinkewa a ƙasa.” Daso ta ce, “To mu ba a haife mu a kunya ba. Mai iyawa ta shigo.” Lami ta sauke kwanon kanta, ta ɗaure zane, ta shigo. Tana shiga sauran suka biyo ta. Nan take gona ta rabu biyu, ’yan gari ta gabas, ’yan ruga ta yamma, kowane ɓangare na son ya riga kai tsakiya. Ni kuwa ina ta gudu tsakani, ban san ɓangaren da zan goya wa baya ba.

Abincin gandu bai isa gandu ba, shi ya kawo Baffa. Na hango shi tafe da sanda, fuska a murtuke. Ya tsaya, ya dubi ’yan matan ruga, ya ce, “Wa ya ba ku izinin shiga gonar nan?” Waƙa ta tsaya cak.

“Ni na ba su.”

Kaka ce, a kan jaki, ƙafa a naɗe da tsumma, wata maƙwabciya na jan akala. Tun da na zo ban taɓa ganin ta wuce ƙofar gida ba. Ta ce, “Gonar tawa ce, Ilu, goron nawa ne. Harawar kuma tasu ce, duk wanda ya tambaya ka ce ni na bayar.” Baffa ya ce, “Iya, kin manta dawata?” Ta ce, “Ban manta ba. Ɗaga kanka ka dubi gabas, sannan mu yi maganar dawa.”

Muka ɗaga kai gaba ɗaya. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Baffa ya dube shi, ya dubi gyaɗar da ke zube, ya yar da sandar. Ya ɗauke Kaka cak ya zaunar da ita gindin bishiya, ya tuɓe riga, ya shiga labta wa jakin kaya. Ban taɓa ganin aiki irin na wannan lokaci ba. Masu tuga na tuga, masu ɗauka na ɗauka, a ƙwarya, a zane, a kwanon abincin gandu da aka juye aka cinye a tsaye. Layi ya miƙe daga gona har zauren gidanmu, ’yar gari na miƙa wa ’yar ruga, ba mai tambayar sunan wata. Matan gari suka fito ƙofa suna kallo, can suka shigo layin su ma. Iska ta taso, ɗankwalaye na tashi, Kaka na daga gindin bishiya tana ba da umarni kamar mai gari. Ni da Daso muka ɗauko kayan ƙarshe, Baffa ya goyo Kaka a baya. Muna sa ƙafa a zaure ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na zauna kan tarin gyaɗa na fashe da kuka, don daɗi ya yi mini yawa. Daso ta ce, “Ga ta nan, an ci nasara tana kuka, da an faɗi sai ta yi me?” Aka dama fura da nonon da ’yan ruga suka zo da shi, nonon da aka shekara ba a sha ba a garin, kowa ya sha har Baffa. Da ya ajiye ludayi sai ya ce wa Daso, “Ki gai da mahaifinki.” A bakin Baffa wannan doguwar magana ce.

Sauran kwanakina a shanya da tsinka suka ƙare. In rana ta fito mu baza, in hadari ya taso mu kwashe. Lami ta riƙa zuwa taya mu, ita da Daso suna ta tsokanar juna. Kurkunun ya fita gaba ɗaya, Kaka ta fara takawa da sanda. ’Yan ruga suka kwashe harawarsu da rana tsaka ta tsakiyar gari.

Ranar da zan taho, Daso ta zo sallama. Kaka ta zauna da faifai ta zaɓi gyaɗa mafi cika, da ɓawonta, ta cika tulunta ta liƙe bakin da laka. Sai ta ce in ɗauko mata wani tulun. Shi ma ta cika ta liƙe, ta tura gaban Daso.

Daso ta ce, “Kaka, mu ai ba ma shuka.”

Kaka ta ce, “Da ba kwa yi. Bayan bukkarku inda shanu suka kwana, ko tsakuwa kika jefa sai ta tsiro. Bana na ga abin da ajiya a ɗaki ɗaya ke jawowa. In wani ciwon ya sake kwantar da ni, ko wanda ya fi ciwo ya zo, ina so in san irin uwata yana tsallaken rafi. Daga can ma ya fito.”

Daso mai bakin nan ta matso gaban Kaka. Ta durƙusa, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a ka. Na raka ta har bakin rafi. Na ce, “Saura ki tsinke ’ya’yan in sun fito.” Ta ce, “Saura ki dawo da takalmi.” Ta shiga ruwan a hankali, hannu ɗaya riƙe da tulu, ba ta waiwayo ba. Na tsaya ina kallo har ta taka ƙasar Rogo, tulun bai jiƙe ba.